Keken da Aka Rataye a Zaure

Ni ne Sallau mai faci, gindin tsamiya,
inda hanyar Gujungu ta yi gwiwa.
Shekara talatin da ɗaya ina laluben huji a ruwan kwano.
Kumfa ba ta taɓa yi mini ƙarya ba.

Mati ƙanena ya fi ni ƙafa.
Da buhun riɗi biyu a kariya
yakan riga rana isa kasuwa,
ya dawo riga jiƙe, ciki a lafe kamar faifai,
ya kurɓi fura, ya ce gobe ma rana ce.

Sai birni ya yafuto shi.
Ya rataye keken a zaurenmu,
ya ce, Yaya, wannan na masu haƙuri ne.

A Kano ya sami kujera mai juyawa,
da mota mai sanyi a ciki,
da titin da bai rage wa ƙafa ko taku ɗaya ba.
Masallaci kamar nan da rijiya, sai a mota.
Mai tsire a tsallaken titi, sai a mota.
Awa biyu a cunkoson Kurna,
hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a wuyan lemon kwalba.

Da ya zo Sallah, Inna Tabawa ta shafa kumatunsa,
ta ce hutu ya karɓi ɗana.
Yara suka ce Alhaji.
Ni na ji hakinsa tun kafin ya kai zaure,
na yi shiru, tunda ba a tambaye ni ba.

Ya zo da takardu masu hatimin zinare.
Kamfanin Tudun Dafawa, in ji shi:
zuba kuɗin riɗi, wata shida su haihu,
shekara na zagayowa kowa ya ja tasa motar.
Kallamu ya sayar da shanun huɗa.
Uwale ta fasa asusun ƙuli-ƙuli.
Ni na ba da dubu arba'in, kada a ce hassada ce.

Wata uku suna biya.
Ashe hular Kallamu ake cirewa a sa wa wani.
Ashe littafi biyu ne a ofishin,
ɗaya na nuna wa hukuma,
ɗaya na rabon ganima.
Ran da aka je, kwaɗo ne a ƙofa.
Manyan sun yi layar zana,
sun bar wa ƙanana amsa tambaya.
Motar Mati ma bashi ce.
Da makulli na biyu aka zo aka ja ta.

Ya dawo a bayan a-kori-kura
da hawan jini, da suga, da takardar likita:
rage maiƙo, rage zaƙi, motsa jiki kullum.
A birni, in ji shi, akwai ɗaki mai madubai
inda masu hali ke biyan kuɗi
su tuƙa keken da ba ya zuwa ko'ina.
Na yi dariya har da hawaye.
Shi bai yi ba.

Na sauko da keken.
Gizo ya yi saƙa a ƙafafun,
sarƙa ta yi tsatsa,
zanzaro ya gina ɗaki a ƙarƙashin sirdi.
Kwana biyu ina shayar da shi baƙin mai.

Yau bayan asuba ya hau.
Sirdi ya yi kuka, taya ta lotsa.
Ya wuce gonar Kallamu kai a sunkuye,
Kallamu na saran ƙasa da garmar hannu,
bai ɗago ba.
Ya kai kwalbatin farko, ya tsaya, ya dafa gwiwa,
ya daɗe,
sannan ya sake ɗora ƙafa a feda.

Ko gari zai yafe, ban sani ba.
Dubu arba'in ɗina ban tayar da zancen ba tukuna.
Na dai ajiye famfo kusa da ni,
don tayar baya za ta nemi iska in ya dawo.