Ruwan da Ba Ya Janyewa

A Setubal, bakin teku,
inda ƙamshin gasasshen kifi ke cika lunguna,
Anselmo ke ɗaure igiyar jirgin fito,
bana shekara goma sha ɗaya.
Ya san ruwa. Ya san sa'ar tumbatsarsa,
ya san sa'ar da yake ja da baya
ya bar kwale-kwale kwance cikin laka.

Gidan na hawa na uku, layin masu ɗinkin raga,
ɗaki biyu, da taga mai kallon tasha.
Tun ranar farko Graça ta auna tagar da taƙi,
ta sayo yadin labule shuɗi.
'Yarsu Iria ta zaɓi kusurwar gadonta,
ta ce nan kyanwa za ta riƙa kwana,
kyanwar da ba su da ita tukuna.

A Maris ma'aikacin banki ya ce:
Yuro ɗari shida duk wata, shekara talatin.
Suka yi lissafi a bayan takardar burodi,
ya isa, har da rarar man zaitun.

A Yuli ya gyara tabarau, bai ɗago kai ba:
Kuɗin ruwa ya hau, ɗari takwas da arba'in.
Anselmo ya ce, wa ya hau da shi?
Wasu ne can a wani birni mai sanyi,
sun zauna, sun ɗaga hannu, sun tashi cin abinci.
An ce ruwa ba ya tsami banza,
amma wannan babu wanda ya faɗa masa dalili
da harshen da zai iya maimaita wa matarsa.

Gidan bai ƙara ɗaki ba.
Tsagar bangon kicin na nan yadda take,
matakala arba'in da biyu, ba a rage ko ɗaya ba.
Lamba ce kawai ta yi ƙiba cikin dare.

Graça ta karɓi aikin kwana a gidan tsofaffi.
Shi ya sayar da babur ɗin mahaifinsa,
ya daina kofin gahawar safe a kantin Tomé.
Ana kukan targaɗe sai ga karaya:
Oktoba, ɗari tara da goma.

Wani ya saye gidan, kuɗi hannu,
bai ma zo ya hau matakalar ba.
Yanzu baƙi ke kwana uku su tafi,
tawul ɗinsu na shanye a tagar Graça.

Ta rataya labulen a ɗakin haya.
Ya yi wa tagar tsawo, yana jan ƙasa,
ta ƙi yanke shi.

Jiya a bakin tasha Iria ta ja hannun rigarsa:
Baba, yaushe ruwan zai janye?
Ya duba agogo, don ya saba,
ya ce, na teku, ƙarfe huɗu da kwata.