Aron Suna

Ni ce Shoshana 'yar Mazal, haihuwar Izmir,
shekara saba'in ba ɗaya, haƙori goma sha biyu.
Ina hawa na uku a gangaren Karmel,
inda Haifa ke tsoma ƙafa a teku,
ina ɓare rumman, rigima na shigo min ta bango.

Autata Dalya ta sauka ran Talata. Mace.
Ta ce sunana za a sa.
Uwar mijinta, Faige, ta dafe ƙirji:
su mutanen ƙasar sanyi
ba sa ɗaukar sunan mai rai,
kada mala'ikan mutuwa ya zo da takarda,
ya rasa wace ce, ya tafi da ƙaramar.
Mu kuwa girma ne a wajenmu
kaka ta ji ana kiranta,
ta waiga, ta ga ba da ita ake ba, ta yi dariya.

Zauna, Faige. Ga rumman.

Sunan nan ya girme ni, ya girmi kakanninki.
Fure ne tun asali,
fari, mai tsiro inda ruwa ya kwanta a kwari.
Wasu sun ce daga bakin Nilu aka auro kalmar;
ban sani ba, ban je ɗaurin auren ba.
Wata uwa dai ta dubi 'yarta, ta dubi furen,
ta rasa na zaɓe, ta haɗa su.
Tun ranar bai zauna ba.
Harshen Girkawa ya kasa ɗaukar "sha",
suka ce Susanna, suka wuce da shi kasuwa.

A Marsai, sansanin jiran jirgin ruwa,
wani malamin ofis mai fama da mura
ya rubuta ni Suzan, ya buga hatimi.
Wata bakwai ina karɓar burodi da sunan.
A masaƙa wata 'yar Hangari ta dafa ni,
ta ce, ashe takwara ce, ni Zhuzha;
muka raba allura, muka raba asiri.
Widad ta ƙasan bene, mai sayar da zaitun,
shekara arba'in tana ce min Sausan.
Ban taɓa gyara mata ba. Me ya karye?
Mijina, Allah ya ji ƙansa, Shoshi kawai,
sai in ransa ya ɓaci ya faɗe shi duka,
gaɓa uku, kamar mai sauke buhu.

To ƙirga. Wace ce ni a cikinsu?
Ni ma aro aka ba ni,
kuma kayan aro ba ya hana mai shi barci
sai in an ƙi mayarwa.
Wanda bai ɓata hanya a lungun Izmir ba
daren da ya zo wa uwata,
ba hawa na uku ne zai ruɗa shi ba.
Zan bar ƙofa a buɗe. Ni zan fara amsawa.
Kunnena na dama har yanzu yana ji.

Faige ta ɗauki ƙwaya ɗaya,
ta juya ta, ta juya ta, ba ta ci ba.
Can ta ce: ina da ƙanwa.
An bar ta a can. Ba kabari, ba hoto.
Raizel muke ce mata a gida,
amma ran da babanmu ya tsaya a majami'a
da Ibrananci ya faɗa,
kuma abin da ya faɗa
shi ne wanda ke rubuce a ƙofarki.

Ba wadda ta ƙara magana.
Jirgi ya yi kuka a tashar ruwa.

Ran Asabar aka raɗa.
Na ji nawa, Faige ta ji nata,
jaririya ta yi atishawa ta koma barci,
ba ta san nauyin da aka aza mata ba.

Ɗazu Widad ta ɗaga kai daga titi,
ta ƙwala: Sausan!
Na yunƙura, gwiwa ta ƙi,
sai na ji ta ce, ba ke ba, tsohuwa,
miƙo min ƙaramar in gani.