Lissafin Mangwaro

A Talatar Mafara, bayan gidanmu,
akwai mangwaron da Baba ya dasa
shekarar da aka yanke cibiyata.
Shi ya girma, ni na girma,
yau ga ni a gindinsa
da allura a aljihu, ina aunawa.

Shekara goma sha ɗaya ke nan
da jikina ya ajiye wannan aiki,
ya ce: zancen suga, kai ka sani.
Kwalbar insulin tana cikin kasko,
a jiƙaƙƙen yashi, gefen randa,
don wutar lantarki a unguwarmu
ba ta kwana, sai dai leƙowa.

Inna Ige ta dire kwando:
"Sha mana, Nomau, zaƙin Allah ne,
ba na kanti ba, ba ya cuta."
Na ce: Inna, jini bai san kanti ba,
bai san lambu ba,
zaƙi kawai ya sani, sai ya kama hawa.

Injin ban-ruwa nake gyarawa a Bakolori.
Na ga albasar da ruwa ya kashe,
na ga wadda ƙishi ya kashe,
a fangali ɗaya, rana ɗaya.
Haka allurar nan take:
in ta yi kaɗan, in kwana fitsari,
harshe ya bushe kamar tsohon takalmi;
in ta yi yawa, gwiwa ta kama rawa.

Likita ta ba ni ma'aunina,
ta ce kada in ara wa kowa,
rigar wani ba ta zama wa wani.
Sauran, littafina ya koya mini,
mai bangon da baƙin mai ya ɓata:
kankana sarauniyar gaggawa,
ta hau da gudu, ta sauka da gudu.
Gwaba tana tafe a hankali.
Ayabar da ta yi ɗigo-ɗigo
ta fi ta jiya ƙarfi.
Lemu, in na ci da ɓargonsa, da sauƙi,
in an matse shi a kofi, sai tsawa.
Ranar da na wuni ina ɗaga inji
nakan rage;
ranar zaman banza, sai ƙarawa.

Wata Laraba na tsinko biyu.
Na huda yatsa, na duba lamba,
na juya su a tafin hannu,
na yi allurar biyu, na ɗan dakata.
Na farko na shanye har ƙwallo.
Na biyu da na yanka,
tsutsa ta riga ni, ciki duk ya ruɓe.
To, allurar da ta shiga fata
ba ta san hanyar dawowa.

Na ce bari in ƙarasa ɗaure noti,
na nemi wani daga baya.
Sifana ta fara zamewa,
gumi mai sanyi ya keto wuya,
muryar ladan ta koma nesa.
Tsahara, ɗiyata, 'yar shekara bakwai,
ba ta yi kuka ba, ba ta kira kowa ba,
ta zaro dabino uku daga aljihuna,
ta ce: "Baba, tauna. Ni ke ƙirgawa."

Tun ranar, yanka nake fara yi
kafin in taɓa allura.
In ga cikin abu, sannan in biya kuɗinsa.

Masu cewa in sare itacen in huta,
ba su san ni da shi ba.
Ban yi gaba da zaƙi ba,
ciniki ne tsakaninmu, kullum sabo,
wata rana in ci riba,
wata rana lamba ta ƙaryata ni
bayan awa biyu, in rubuta, in gyara.

Gobe da hantsi akwai wani can sama,
ya yi ja ta gefen gabas.
Tsahara ta riga ta ajiye gora.
Rabi nata, rabi nawa,
kuma rabin ma sai an aunawa.