Haƙorin Baba

Shagona ba shi da ƙofa.
Sau uku Inna tana tambaya ina yake,
na nuna mata wayar da ke tafin hannuna,
ta ce, "To, Allah ya tsare shi daga faɗawa randa."

A zauren gidanmu a Bolari nake kwana da kwalaye shida,
huɗu babu komai a ciki.
Masu saye sun fi kayan yawa:
ɗalibai daga Tudun Wada masu neman caja,
Lamela mai shagon buga takardu
da fankar kwamfutarsa ke kuka kamar injin markaɗe,
wata malamar asibiti mai son ƙarin ram kafin Litinin.
Wanda zai sayar mini shi ne ya yi wuya.

Baba ya shekara talatin a Tudun Hatsi.
In an sauke buhu daga Kumo ko Dukku
sai ya soka hannu har gwiwa,
ya ɗebo ƙwaya ɗaya daga can ƙasa, ya ɗora a haƙori.
Ƙas! Ta bushe, a auna.
In ta yi shiru, a mayar wa mai ita.
Ni hoto ake turo mini.
Ta ina zan ciji hoto?

Na farko a Ikeja yake, ko dai haka ya ce.
Bakinsa zuma, yana kirana Alhaji,
ni da ko Kano sau biyu na taɓa zuwa.
Linzami arba'in, kebul ɗari, a ba da rabi tukuna.
Na tura, alat ya shiga.
Tun ranar lambarsa take azumin magana,
har yau ba a ga watan sallarta ba.

Na biyu ya aiko da gaske.
Na je tasha da asuba na karɓi webil,
na farke kwali a kan bencin Bappa mai shayi:
batir goma sha biyu, leda tana ƙyalli.
Uku sun kumbura kamar fanke,
sauran ba sa riƙe wuta ko ta tsawon alwala.
Bappa ya ƙara mini siga, bai ce komai ba.

Ta uku daga Sin take, wai sunanta Lili.
Tana buɗe ofis lokacin da nake neman barci.
Ba ta san guda goma ba, sai ɗari biyar,
kuma da dala,
dalar da nake bari a ƙasa da dare
in tashi in tarar ta haye reshe.
Na lissafa jirgi, na lissafa kwastan,
biro ya ƙare kafin riba ta leƙo.

Lamela ne ya ba ni wata lamba a bayan rasit,
wani Obiora, can Ikejar dai.
Na kira da bidiyo, na buɗe murya.
Baba na kan tabarma yana shan kunu,
haƙoran nan sun daɗe da tafiya.
Na ce kibod ashirin nake so, irin masu arahar nan.
Mutumin ya ɗauko ɗaya, ya juya bayansa, ya girgiza kai.
Da Hausarsa ta wanda ya taɓa zama a Jos ya ce,
"Wannan jabu ne, wata biyu zai mutu.
Kar ka saya. Jira Alhamis."

Kuɗi a hannuna, ya ƙi karɓa.

Baba ya ajiye ludayi.
Ya ce, "Wannan ta bushe."

Duk da haka guda biyar na ce ya turo.
Shi ma Baba ba daga buhu ɗaya yake ɗiba ba.
Ran Asabar zan koma tasha da asuba,
na riga na gaya wa Bappa ya ajiye mini benci.