Kukun Baƙi Biyu

Shekara uku ina kuku
a gidan baƙi na bayan Ƙofar Ƙaura.
Aikin ruwa ya kawo su,
suna haƙa burtsatse daga Batagarawa har Rimi.
Na Ingila muka sa masa Mai-Lema,
na Amurka yara suka ce Ƙanƙara.
Na ce ai Bature Bature ne,
bakinsu ɗaya, tukunya ɗaya ta ishe su.
Ashe kowa da miyar gidansu.

Mai-Lema ba ya magana sai ya sha shayi.
Ruwa ya tafasa har buta ta yi kuka,
madara kaɗan, kamar kwalli a ido.
In na kuskure ba ya faɗa,
sai ya ce, "Babu laifi, Tanimu,"
ya ture kofin gefe.
Wannan babu laifi ta fi dorina zafi.

Shi kuwa Ƙanƙara a tsaye yake karyawa,
gahawa cike da moɗa, yana tafe yana kurɓa.
Rana na take tsaka ya ce in dafa shayi,
in bar shi ya huce, in jefa masa ƙanƙara.
Mai-Lema ya leƙa, ya kau da kai
kamar ya ga an zuba daddawa a fura.

Ƙanƙara na gaida kowa da haƙora waje,
ya tambayi lafiyarka,
kafin ka kai ga iyali ya sha kwana.
Cikin mako guda na san albashinsa,
da sunan karensa, da dalilin rabuwarsa da matarsa.
Mai-Lema sai da muka shekara
na san yana da ɗiya.
In ka taka shi, shi zai ba ka haƙuri.
Hirarsa hadari, ko da sama fes take.

Ran nan a banki
ya tsaya bayan wani tsoho rabin awa,
shi a dole layi yake bi.
Tsohon inuwa yake sha.

Ban manta da kajin nan ba.
Ƙanƙara ya bar takarda a kan firji:
manyan baƙi za su zo, huɗu da uku.
Mai-Lema ya karanta, ya ce huɗu ga Maris.
Na yanka kaji biyar, na soya, na jera faranti.
La'asar, magariba, shiru.
Ashe su can wata suke fara rubutawa,
uku ga Afrilu mutumin ke nufi.
Suka yi ta musu da harshe ɗaya,
kowa na cewa ɗan'uwansa ya ɓata Turanci.
Ni da maigadi Ɗanbaba muka ci kaji
har da na karin kumallo.

Sai daga baya na gane su:
taubasai ne, irin Bakano da Bazazzagi.
Ba sa kwana ba su tsokani juna ba,
amma da zazzaɓi ya kwantar da Ƙanƙara
Mai-Lema ne ya kwana a kujerar asibiti,
ya kai masa shayi mai zafi.
Ya kuwa shanye, bai nemi ƙanƙara ba.

Ranar tafiya Ƙanƙara ya rungume ni
har hulata ta faɗi.
Mai-Lema ya miƙo hannu, ya dubi sama,
ya ce da alama za a yi ruwa.
Watan azumi ne, tsakiyar rani.
Idonsa ne ya yi ja.
Ya bar mini lemar a bayan ƙofa.

Duk shekara katinsa na zuwa,
layi uku, biyu labarin sanyi ne.
Ɗayan bai taɓa rubutu ba,
sai dai waya ƙarfe uku na dare,
yana ƙwala sunana, ya manta mu nan barci muke.

Yanzu na tsufa, shayina da zafi nake sha.
Amma in bazara ta matsa,
na leƙa ba kowa a zaure,
nakan aiki jikana Sadi
ya sayo mini ƙanƙara ta hamsin.