Harafin da Ba a Faɗa

Ni falken albasa ne, daga Tawa zuwa Kumasi.
Shekara tara ina ciniki da yatsu da murmushi,
har ran da na dangwala hannu a wata takarda,
buhu arba'in suka tafi a kan kalmar da ban sani ba.

Shi ya sa, bayan isha'i, a Bilbis,
nake lanƙwashe kan bencin 'yan lakkwal, gwiwa na dukan tebur.
Mu shida ne: direba biyu, ungozoma, tela, wani mai gadi, sai ni,
gaban Mushe Asumana, siriri kamar sillen kara,
alli a yatsa, alli a gemu, tari a ƙirji.

Ya rubuta must. Ya ce wannan ita ce tilas,
wadda ba ta rasa ɗakin kwana.
Ya rubuta should. Ya ce wannan ya kamata ce,
baƙuwa mai sallama a ƙofa,
in ka ga dama ka ce ta shigo.
Have to kuwa dole ce da ba kai ka haifa ba,
ta likita, ta gwamnati, ta mai gidan haya.

Na ɗaga hannu. Mushe, to ɗan duwan ɗin nan
da ya ce mini you should find something for the boys,
tafinsa a kan takarduna, rana na dafa mini kaya,
shawara ce ya ba ni?
Aji ya fashe. Shi ma ya yi dariya
har tari ya ƙwace ta daga bakinsa.
Ya ce: nahawu bai taɓa kwana a shinge ba.

Sai na tuna Inna.
Ba ta taɓa ce mini dole ba, ko sau ɗaya.
Tana tsintar wake, ba ta ko ɗaga kai,
sai ta ce: ya kamata ka leƙa kawunka.
Kafin la'asar ina Kalfu.

Mako na uku muka faɗa rami.
Must not na cewa kada,
don't have to na cewa ba sai ka yi ba.
Ungozoma ta kama nan take, ita da ta saba da kada.
Ni na kwana uku ina juya su kamar albasa a rudu,
ina neman wadda ta ruɓe.

Kullum ina cewa shuld, kullum yana cewa shud.
Akwai harafi a tsakiya, Nomau, in ji shi,
rubuta shi ake yi, ba a faɗa.

Wata Alhamis na ga jan ɗigo a hankicinsa.
Na jira aka watse, na tattara kalmomina ɗaya-ɗaya:
Mushe, you should see a doctor.
Ya ce madalla! Harafin ya yi shiru yau.
Ashirin bisa ashirin.
Ya ninke hankicin, ya sa aljihu, ya share allo.

Litinin bai zo ba.
Laraba mun zauna muna kallon alli a kan tebur.

Na same shi a Wadata, kwance kan tabarma,
kayenmu shida a gefensa, jan biki a hannu.
Ya ce sanyi ne kawai, wata bai ƙare ba, albashi bai faɗo ba.
Na tsaya a bakin ƙofa ban cire takalmi ba.
Na ce: you must.

Ya jira. Ya ɗaga gira irin ta aji.
Ya ce jimlar ba ta cika ba, Nomau, ina aikatau?
Na ce aikatau na waje, Mushe,
na bar injinsa a kunne.

A hanya ya riƙe rigata ta baya.
Na ɗauki buhu dubbai a rayuwata,
na san nauyi ko ban auna ba.
Wannan bai kai rabin buhu ba,
kuma ban faɗa ba.