Gidan da Ya Faɗi Jarrabawa

Gidan mahaifiyata ne, a Toledo, bayan cocin da aka rufe.
Shekara biyu ba a kunna murhu a cikinsa ba,
haraji na cin aljihuna kamar gara a cikin azara,
sai na kafa allo a ƙofa: ana ba da haya.

Vern, maƙwabcina, ya leƙo ta kan shinge:
"Kada ka ba masu takardar gwamnati.
Da jaka ɗaya suke shigowa, su fita da ƙofarka."
Na ce to.
Irin to ɗin da ba ta ɗaure kowa.

Ran Talata ta zo, dusar ƙanƙara har ƙauri,
Odessa Tillery, rigar aikin gidan tsofaffi a ƙarƙashin kwat,
da yaro mai giɓi yana tauna igiyar hularsa.
Ba ta tambayi ɗaki nawa ne ba.
Takardar ta miƙo kafin gaisuwa,
kamar mai buɗe wa likita miki, a gama da shi tun farko.
"Kai ne na goma sha biyu," in ji ta.
"Saura kwana tara wa'adinta ya cika."

Na bincike ta, ba zan ɓoye ba.
Na kira wurin aikinta, na kira tsohon mai gidanta,
na leƙa cikin motarta in ga ko da datti.

Sai ofishin gidaje ya aiko nasa mai binciken,
wani siririn mutum da tocila da ɗan allo.
Ita bai ko dube ta ba. Ni ya zo wa.
Ya girgiza ƙarfen matakala, ƙarfen ya biyo hannunsa.
Ya kankare fenti da farce: dalma.
Tagar ɗakin baya ta ƙi buɗuwa.
Ƙararrawar hayaƙi ta mutu tun ban yi furfura ba.
"Gidan ya faɗi," ya ce, ya yago mini kwafi.

Na zauna a kan matakalar har duhu.
Shekara arba'in tsohuwa tana hawa nan,
tana dafa bango, ashe,
ni kuwa duk Lahadi ina zuwa cin miyar kabejinta,
ban taɓa tambayar dalilin baƙin sawun hannu a farar katanga ba.

Kwana shida na yi da guduma. Suka shigo ran na takwas.

Dala ɗari bakwai daga gwamnati, ɗari da casa'in daga gare ta.
Na gwamnati ya taɓa makara mako uku,
na yi ta sauraron kiɗa a waya ana cewa in jira.
Nata kuwa, ɗaya ga wata, cikin ambulan,
'yan biyar-biyar masu warin sabulun asibiti.
Ba waliyyiya ba ce: ta toshe mini bututu da maiƙo sau biyu,
mun yi cacar baki kan kare da ta ce na ƙanwarta ne.

Da bazara aka ƙara mata dala ɗaya a awa,
ofis ya ƙara mata kason haya.
Ta nuna mini wasiƙar tana dariya, idon bai yi dariya ba:
"Ka hau taki ɗaya, su zare tsanin taki ɗaya."

Jiya na je gyaran famfo.
A jikin ƙofar kicin, inda uwata ta riƙa auna tsawona da fensir,
akwai sabon layi da jan biro: Lucius, shekara bakwai.
Ya ɗara ni da yatsa biyu.

Yarjejeniya ta hana rubutu a bango, shafi na huɗu.
Na ɗaure famfon, na wanke hannu.
Vern yana bakin shinge da na fito,
yana tambaya ko ƙofar tana nan.